Garin Neman Gira: Kircin Fata da Ƙaiƙayin Ido Gidansu Ɗaya

Daga Ambassatna nake gaishe ku, inda yau kwana huɗu ke nan hazo ya rufe mu ruf, har in ka tsaya bakin titi da safe da ƙyar kake hango hasumiyar Babban Masallacin Njamena. Wancan makon na yi alkawarin ci gaba da maganar canjin naira da sefa, amma ku yi mini afuwa, na ɗage ta zuwa wani jiƙon. Ga dalili.

Shekaranjiya wata baiwar Allah ta tsaya a shagona riƙe da hannun yaro da bai wuce shekara bakwai ba. Tun kafin ta gama sallama na lura da yaron: yana ta murza ido da bayan hannu kamar mai jin haushin idon, farin idonsa ya koma ruwan ƙasa, wuyansa da lanƙwasar hannunsa sun yi furu-furu, sun yi kauri. Ta ce, "Alhaji, man tub nake so mai ƙarfi, na ƙuraje. Kuma don Allah ina ake samun maganin ɗigawa a ido, irin mai aiki nan take?"

Na ce, "Hajiya, zauna tukuna. Man nan ba zan sayar miki ba, kuma zan gaya miki dalili."

Ta dube ni kamar ta ga mahaukaci, don ba a saba ganin ɗan kasuwa ya kori ciniki ba. To, abin da na gaya mata shi zan gaya muku, domin yaron nan da na gani, na taɓa ganin irinsa a tsakar gidana.

Autana yana wata huɗu da haihuwa kumatunsa suka fara fesowa da wasu ƙananan ƙuraje, su bushe, su yi ɓawo, wani lokaci su riƙa tsattsafo da ruwa. Ba ya barci, uwarsa ma ba ta barci. Tsofaffin gida suka taru suka yanke hukunci: nonon uwar ne ba shi da kyau. Aka haɗa mata jiƙe-jiƙe, aka hana ta cin wannan, aka hana ta cin wancan. Ban manta ba, wani dare na same ta tana kuka, ta ce, "Malam, wai ni ce nake cutar da ɗana." Ni kuwa ban ce komai ba, don a zuciyata ni ma na yarda da maganar tsofaffin. Allah Ya yafe mini.

Da ya tasa, ƙurajen suka bar kumatu suka koma lanƙwasar hannu, da bayan gwiwa, da wuya. Wannan shi ne kirci, wanda likitoci ke kira ekzima. Damina ta yi sauƙi, hunturu ya dawo da shi. Ni da nake sayar da kayan shafa, sabulu da mai da turare, sai na zama likitan gida. Duk tub ɗin da na ji mata suna yabo a shago, shi nake ɗaukowa. A shafa yau, jibi fata ta yi sumul, a bari kwana goma ya dawo fiye da da. Har fatar idonsa mun shafa wa, don can ma yana sosawa.

Yana shekara shida ido ya shigo layi. Da farko mun ce apolo ne. Amma apolo mun san shi: yana kama gida gaba ɗaya, ya yi mako ɗaya ko biyu ya wuce. Wannan kuwa shi kaɗai ya kama, kuma ya ƙi tafiya. Ƙaiƙayi ba dare ba rana, hawaye, da wata kwantsa mai yauƙi da ake jawowa kamar zare. In ya fito rana sai ya runtse ido ya sunkuyar da kai. Farin idonsa ya daina zama fari. Maƙwabta kowa da nasa maganin: wannan ta ce kwalli, wannan ta ce a ɗiga nono, wani ya ce ruwan sukari. Babu wanda ya taɓa cewa mu dubi hannun yaron mu dubi idonsa tare. Mu a wurinmu ciwo biyu ne, kowanne da kasuwarsa.

Nan Chadi muna da masu sayar da magani a tire ko a kan keke, waɗanda ake kira dokto Shuku. A Kano ku ce ɗan kemis na bakin layi, a Maraɗi da Yamai ma kun san irinsu. Wurin ɗaya daga cikinsu na sayo wata 'yar kwalba da kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Wallahi ranar da aka ɗiga, yaron ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Kwana biyu ido ya washe. Na yi ta sa wa mutumin albarka. Daga nan kwalbar ta zama 'yar gida. Ta ƙare a sayo wata. In zan yi tafiya Kano ko Maiduguri ta Kusiri da Gamboru, sai na sayo uku ko huɗu in ajiye wa uwarsa, ina ganin na yi abin da uba nagari ke yi. Muka fi shekara a haka.

Malaminsa na makaranta ne ya fara aiko mini. Ya ce yaron ya daina kwafar abin da ke allo, sai ya leƙa littafin na kusa da shi, kuma in ana wasa yana yawan cin karo da yara ta gefen hagu. Na kira shi na ce, "Auta, me ke damunka?" Ya ce, "Baba, rubutun ne yake yin biyu-biyu." Gabana ya faɗi. Washegari muka tafi sashen ido na wani asibiti a nan cikin gari.

Likitan ya sa shi a gaban na'ura ya duba, ya juya fatar idon ta sama, ya auna. Sai ya yi wani abin da ya ba ni mamaki. Ya ce da yaron ya naɗe hannun riga. Ya dubi lanƙwasar hannun, ya dubi wuya, ya dubi bayan gwiwa. Na ce a raina, mu da muka kawo ido, me ya haɗa mu da gwiwa? Ya juyo da Larabcin Chadi gauraye da Faransanci ya ce, "Alerji." Na ce, "Na'am, likita." Na ɗauka ni yake kira, Alhaji. Ya yi dariya ya ce ba ni ba, ciwon ne sunansa haka. Sannan ya tambaya, "A gidanku akwai mai asma, ko mai yawan atishawa da toshewar hanci?"

Na yi shiru. Ni ne duk hunturu nake yawo da hankici, atishawa goma a jere ba komai ba ce a wurina. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, da fuka ya yi fama har ƙarshen rayuwarsa. Ashe abin da aka ɗora wa nonon uwar yaro, daga ɗakinmu ya fito.

Sai likita ya ce in nuna masa abin da muke ɗigawa. Na zaro kwalbar daga aljihu ina alfahari. Ya karanta, ya ajiye, ya dube ni ya ce, "Tun yaushe?" Da na faɗa masa, ya kama kai. Ya ce ƙarfin ruwan cikin ido a mai lafiya yakan tsaya tsakanin 10 da 21 a ma'auninsu, na yaron kuwa ya haura 30, kuma jijiyar idon hagu ta riga ta taɓu. Kwalbar da nake sa wa albarka ita ce ta jawo. Bayan haka kuma gilashin nan garai-garai da ya rufe baƙin ido ya fara canja siffa saboda yawan murza. Garin neman gira, saura ƙiris mu rasa ido.

Daga ranar na shiga tambaya da karance-karance, kuma ga abin da na fahimta, a harshen 'yan kasuwa.

Allah Ya yi wa jikin mutum masu gadi da ke yaƙar cuta. A wasu mutane, masu gadin nan suna da saurin fushi. Abin da bai kai ya kawo ba, kamar ƙurar ɗaki, garin furen ciyawa, gashin kyanwa, kashin kyankyaso, ko wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani masu zama cikin katifa da matashi, sai su ɗauke shi a matsayin ɓarawo su tayar da unguwa. Suna sakin wani sinadari da ake kira histamin, shi ke kawo ƙaiƙayi da kumburi da ruwa. Wannan hali gadonsa ake yi. In ya fito a fata, kirci ne. In ya fito a hanci, atishawa ce da mura marar ƙarewa. A ƙirji, asma. A ido, ƙaiƙayin nan da jan ido. Uba ɗaya, 'ya'ya huɗu. Kuma sau da yawa bi da bi suke zuwa: kirci tun ana goye, sauran su biyo baya da yaro ya tasa.

Me ya sa fata ke fara buɗe ƙofa? Fatar mai lafiya kamar katanga ce mai kyakkyawan yaɓe, tana riƙe danshi a ciki, tana tare datti a waje. Fatar mai kirci yaɓenta bai cika ba, ruwa na fita, tana bushewa, tana tsagewa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta tsagar nan ƙura da sauran abubuwa ke kutsawa su haɗu da masu gadin, su kuwa su riƙe su a zuciya. Gobe in abin nan ya faɗa ido, faɗa ya tashi a can. Ga shi kuma fatar ido tana cikin mafi siranta a duk jiki, kuma daga bakinta zuwa cikin ido babu shinge. Hannun da ya sosa wuya, shi ne zai koma ya murza ido.

Wannan dangantaka ba yau aka gano ta ba. A 1952 wani likitan ido a Amurka mai suna Michael Hogan ya bayyana marasa lafiya biyar masu kirci da ke fama da ciwon ido mai tsanani a ido biyu, kuma daga nan aka san shi a matsayin ciwo mai zaman kansa. Irin wannan ya fi kama manya, daga samartaka zuwa shekara hamsin da wani abu, ba ya bin lokaci, yana kumbura fatar ido ya tsattsaga ta, har gefen gira ya zube don sosa. A 2017 kuma wani babban bincike a ƙasar Danmak ya nuna cewa manya masu kirci sun fi sauran jama'a kamuwa da kumburin ido da lalacewar gilashin baƙin ido, kuma gwargwadon tsananin kircin, gwargwadon haɗarin.

Na yara kuwa, irin na Auta, namu ne na ƙasashen zafi. A 1976 Farfesa Diallo na Dakar ya yi bayaninsa kamar yadda yake bayyana a yaran Afirka, shi ya sa a asibitocin ƙasashe masu Faransanci za ku ji ana ce masa LCET. Ya fi kama yara maza, yakan fara kafin shekara goma, kuma da yawa yana sakinsu bayan sun balaga. Alamarsa ita ce farin ido ya koma ruwan ƙasa, gefen baƙin ido ya yi kauri da wasu ɗigo-ɗigo farare, in an juya fatar ido ta sama a ga ƙuraje jere kamar daɓen tsakuwa. Sai dai in faɗi gaskiya kada in wuce gona da iri: ba kowane mai kirci ne zai yi ciwon ido ba, kuma akwai yara da yawa a ƙasashenmu masu wannan ciwon ido alhali fatarsu lafiya lau. Abin da nake cewa shi ne, in ka ga ɗaya, ka sa ido a kan ɗayan.

Mu mazauna Njamena kuma muna da ƙarin kaya. Arewa da mu, wajen Faya, akwai wani kwari da ake kira Bodele, tsohon gindin Tafkin Chadi ne da ya ƙafe tun zamanin da. Masana sun ce babu wuri guda a duniya da ke tayar da ƙura kamarsa, kusan kwana 100 a shekara yana turnuƙewa, har ƙurarsa na tsallake teku zuwa Kudancin Amurka. Hazon da ke sauka Kano da Katsina da Sakkwato, mai yawa daga nan yake tasowa, mu ne muke fara karɓarsa da zafinsa. Iskar hunturu ta busar da fata ta tsattsaga ta, ƙura ta shiga ido. Hunturu na wucewa bazara ta shigo da zafin da ke haura digiri 40, gumi ya sauka a kan kirci kamar an zuba barkono. Ka ƙara da hayaƙin gawayi, da turaren wuta da humra da matanmu ba sa rabo da su, da ƙurar buhuna ga wanda ke zama a kasuwar gero, da dilar gwanjo ga masu buɗe ta. Waɗannan ba su ne tushen ciwon ba, amma su ne masu hura wutar.

Wani abin da ke ruɗa mu shi ne suna. A Najeriya da an ga fari-farin nan na kyasbi a ƙirji ko baya sai a ce ekzima, alhali kyasbi daban yake, ba ya ma cika ƙaiƙayi. Makero zagaye yake yi, yana cin gashin kai, kuma ana ɗauka. Kazuwa tana shiga tsakanin yatsu, ta fi tashi da dare, ta bi gida kaf. Kirci kuwa ba a ɗaukarsa, ko kwano ɗaya kuke ci, ko tabarma ɗaya kuke kwana. Kuma hotunan da za ku gani a intanet galibi na fararen fata ne, inda yake yin ja. A baƙar fata ba ja yake yi ba. Duhu yake yi, ko toka-toka, fatar ta yi kauri da layi-layi, wani lokaci da ƙananan ƙuraje kamar tsikar jiki ta tashi. A fuska za ka ga ƙasan ido ya yi baƙi, da wani ƙarin ninki a fatar ido ta ƙasa. Haka a ido: apolo, wanda ya samo sunansa daga annobar da ta ɓulla a Gana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a wata, yana yaɗuwa kuma yana wucewa. Amosanin ido ƙwayar cuta ce da ƙuda da hannu ke yaɗawa, wadda a ƙarshe take juya gashin ido ciki. Namu na yau babbar alamarsa ƙaiƙayi ne, ido biyu, yana tafiya yana dawowa, kuma ba ya tsallakawa zuwa ga wani.

Yanzu ga abu biyu da ke makantarwa, don shi ƙaiƙayin kansa ba kasafai yake kashe ido ba.

Na farko murza. Gilashin baƙin ido bai fi rabin milimita kauri ba da kaɗan. In yaro ya shekara da shekaru yana danna shi da gaɓar yatsa, sai ya sirance ya turo gaba ya yi tsini kamar kan malafa. Likitoci na ce masa keratokonus. Gani ya riƙa rabuwa biyu, tabarau ya yi ta canjawa ba ya kamawa, in ya yi nisa sai aiki. Kuma murzar ba ta kashe ƙaiƙayi, ƙara fasa jakar histamin take yi, daɗin minti ɗaya, wahalar awa guda.

Na biyu shi ne kotizon, wato dangin maganin da ke cikin kwalbar nan tawa. Ku duba jikin kwali, ko da Turanci aka rubuta ko da Faransanci: in kun ga suna mai ƙarewa da "sone" ko "lone", irin su deksametazon da betametazon da firednisolon, to shi ne. Sau da yawa ana haɗa shi da maganin ƙwayoyin cuta a kwalba ɗaya, mutum ya ɗauka maganin apolo ne kawai. Ba mugun magani ba ne. Likita da kansa yana ba da shi in ciwo ya tashi, na 'yan kwanaki, yana aunawa, yana ragewa a hankali. Amma in aka ɗauke shi abincin yau da gobe, yana hawar da ƙarfin ruwan ido. Kusan mutum ɗaya cikin uku idonsa na amsawa haka bayan 'yan makonni, kuma yara sun fi saurin amsawa. Wannan shi ne hawan jinin ido, wanda ke cin jijiya daga gefe ba tare da ciwo ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Yana kuma kawo yanar ido tun ana yaro. In kuwa akwai gyambo a baƙin ido aka ɗiga shi, sai gyambon ya faɗaɗa ya bar hakiya.

A nan ne maganar ta dawo kanmu 'yan kasuwa. Man tub da yawa da muke sayarwa, musamman na bilicin, kotizon ne mai ƙarfin gaske a ciki, irin su kulobetazol. Wanda ya shafa shi a fatar ido wata da watanni, yana iya ratsawa ya yi wa ido irin ɓarnar da na ɗigawa ke yi, ban da sirantar da fatar da yake yi. Ni na shafa wa ɗana daga shagona, da hannuna. Tun daga lokacin na rage irin kayan da nake sarowa, kuma wanda ya ce mini na yaro ne ko na fuska, ba na ba shi. Na yi asarar wasu abokan ciniki. Na ɗauke ta.

Shi Auta, likita bai yanke masa kwalbar rana ɗaya ba, don ya ce in an tsayar kwatsam ciwon na iya dawowa da ƙarfi. A hankali ya janye ta, ya ba da maganin sauke ƙarfin ruwan ido, ya sa shi a kan wani ɗigo marar kotizon da ke kwantar da masu gadin nan, irin su kuromogilikat, wanda ba ya aiki nan take, sai an jure ana sawa kullum. Ya kuma tura mu wurin likitan fata. Cikin ikon Allah ƙarfin idon ya sauka. Yau yana shekara 12, yana sa tabarau, yana karatunsa. Amma gefen idon hagu da ya tafi ya tafi, kuma duk wata shida muna komawa awo. In na ga ya juya kai gaba ɗaya don ya ga mai zuwa ta hagunsa, ni kaɗai na san abin da nake ji.

Ga abin da gidanmu ya koma yi, kuma mafi yawansa ba ya cin kuɗi. Wanka gajere da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba, da sabulu marar ƙamshi, ba a dirza da soso. Ana fitowa, kafin jiki ya gama bushewa, a shafe shi da basilin fari ko man kaɗe tsantsa wanda ba a zuba wa turare ba, safe da dare, a hunturu har da rana. Tufafin auduga a jikin fata, rigar sanyi ta biyo a sama. Farce kullum a yanke. In ya dawo daga makaranta ya wanke fuska da hannu kafin komai. In ido ya motsa, maimakon murza sai a tsoma tsumma mai tsabta a ruwan randa mai sanyi, ko a naɗe ƙanƙara a ciki, a ɗora a kan ido a rufe na minti biyar zuwa goma. Hular hana sallah da baƙin tabarau in za a fita cikin hazo. A yayyafa ruwa kafin shara, kuma shi ba ya shara. Katifa da matashi a shanya a rana. Turaren wuta ya bar ɗakinsa. Kwalli ma mun daina sa masa, don bayan yana ƙara tayar da idon, wani kwallin akwai dalma a ciki. Kwalbar ɗigo in an buɗe ta ta yi wata guda, a yar, kuma ba a aron ta maƙwabci.

Akwai kuma alamun da ba a kwana da su. In ƙaiƙayi ya koma zafi da raɗaɗi, in yaro ya kasa buɗe ido a haske, in ka ga farin tabo a kan baƙin ido, in gani ya ragu, ko ƙuraje masu ruwa suka fito a kewayen ido da zazzaɓi, to a rufe shago a tafi asibiti ranar. A nan Njamena manyan asibitoci na da sashen ido. Na Kano kuna da asibitin ido na ECWA a Sabon Gari da na Makka, na Kaduna kuna da Cibiyar Ido ta Ƙasa. In kun je, ku tafi da duk kwalabe da tub-tub ɗin da aka yi amfani da su, kada ku ɓoye don kunya. Ku gaya wa likitan ido maganar fata ko bai tambaya ba, ku gaya wa na fata maganar ido. Kuma ku nemi a auna ƙarfin ruwan idon in an daɗe ana ɗiga wani abu.

Mu fatake muna da wata ɗabi'a: mun fi zama a hanya, sai mu riƙa biyan bashin rashin zamanmu da tsaraba, har da tsarabar magani. Mu sayo a Kano da suna ɗaya, a Kusiri da wani suna, a Njamena da wani, alhali abu ɗaya ne a ciki, yaro ya sha ninki uku. Uwa kuma a bar ta da raino da zargi. Ni dai na je na ba uwar Auta haƙuri a kan maganar nonon nan, bayan shekara bakwai. Ta ce, "Malam, ai ya wuce." Amma na ga idonta ya kawo ruwa.

Ita kuwa baiwar Allahn da ta zo shago, ta saurare ni har ƙarshe. Na ba ta ƙaramin gwangwanin basilin na ce sadaka ce, na kwatanta mata asibiti. Ta ce sai maigidanta ya dawo daga Abeshe ta shawarce shi. Na ce, "Hajiya, ki kira shi a waya yau. Kaya na jiran mai su, ido ba ya jira." Har yanzu ina duban hanya ko za ta biyo ta ba ni labari.

Wanda ke da yaro mai kirci, yau da daddare ya haska fitila ya dubi farin idonsa, ya kuma duba abin da ke kan taga ko cikin kwabar uwarsa ana ɗiga masa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mana ganinmu da na 'ya'yanmu, Ya kai na kan hanya gida lafiya. Maganar naira da sefa tana nan, mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.